Masu Naɗe Tafiyar Mutane: Tarihin Wata Ɓoyayyiyar Sana'a

Duk wanda ya taɓa zama a gidan wasan bidiyo yana buga ƙwallon FIFA, ya ga yadda ɗan wasan da ke cikin allo yake karkata kafaɗa kafin ya yanke abokin karawarsa, to ya kalli aikin waɗansu mutane da bai san da zamansu ba. Wannan karkatar wani mutum mai jini da tsoka ne ya yi ta wata rana, sanye da matsattsun kaya, wasu kuma suka naɗe ta kamar yadda ake naɗar murya, suka tace ta, suka ɗora wa wani jikin da ba nasa ba. Wannan aiki shi nake kira naɗar motsi, kuma tarihinsa nake so in bi a wannan maƙala. Abin da ya ja ni gare shi kuwa shi ne, duk sa'ad da aka tashi ba da labarinsa, sunayen jarumai da daraktoci ake ji, alhali sana'ar ta girmi fim kansa, kuma ba a hannun 'yan fim aka haife ta ba.

Da gardamar masu dawaki abin ya fara. A shekarar 1872 Leland Stanford, attajirin jirgin ƙasa kuma tsohon gwamnan Kalifoniya a Amurka, ya nemi wani mai ɗaukar hoto ɗan asalin Ingila, Eadweard Muybridge, ya raba masa wata tsohuwar jayayya: shin akwai lokacin da doki yana cikin gudu kofatansa huɗu duka suke barin ƙasa? Ido ba ya iya yanke wannan hukunci, domin ƙafar doki ta fi shi sauri. A watan Yunin 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, ya ja zare daga kowace ya gitta hanya, ta yadda dokin da kansa yake tsinka zaren ya ɗauki kansa hoto. Hotunan sun nuna lallai doki yana tashi sama gaba ɗaya, amma a lokacin da ƙafafunsa suka tattaru a ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda masu zane suka ɗauki ƙarnuka suna zana shi, na gaba a miƙe, na baya a miƙe.

Akwai wani abu da ya biyo baya wanda ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin shi ne cibiyar wannan tarihi. A 1882 Stanford ya ɗauki nauyin buga littafi a kan motsin doki, da sunan wani likita abokinsa, J. D. B. Stillman, a matsayin marubuci. Sunan Muybridge bai fito a shafin farko ba. An ambace shi ne kawai a matsayin wanda aka ɗauka aiki. Ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. Mai doki da mai kuɗi mutum ɗaya ne, shi ya tafi da sunan, wanda ya ja zaren kuwa aka bar shi da ladan aikinsa. Tun ranar farko ke nan da tambayar ta taso: idan an naɗe motsi, na wane ne?

Amma idan ana neman kakan sana'ar na haƙiƙa, a Faransa za a same shi. Étienne-Jules Marey likita ne mai nazarin yadda jiki ke aiki, kyan hoto bai dame shi ba. A 1882 ya ƙera wata kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda, don ya bi tashin tsuntsaye. Da ya koma kan mutane, a cibiyar bincikensa da ke Paris, sai ya ci karo da matsala: idan ya tara hotunan mai tafiya a faranti ɗaya, jikin sai ya hau kan jiki, komai ya cakuɗe. Dabarar da ya yi ita ce ya ɓatar da mutumin. Ya sanya masa baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, ya tsayar da shi gaban baƙin bango, ya ɗinka fararen layuka a tsawon hannu da ƙafa, ya sa maɓallai masu haske a gaɓoɓi. Abin da ya rage a hoton sai layuka da ɗige-ɗige suna tafiya. Wanda ya ajiye wannan hoto na shekarun 1880 kusa da hoton jarumin fim na yau sanye da kayan naɗar motsi, zai rantse tela ɗaya ne ya ɗinka musu. Tunanin Marey shi ne har gobe ake aiki da shi: a zubar da fuska da fata da tufafi, a riƙe gaɓoɓi, domin a can motsi yake.

Jamusawa biyu a Leipzig, Wilhelm Braune da Otto Fischer, sun ƙara wani mataki a shekarun 1890. Sun ɗaura wa mai tafiya bututun gilashi masu haske da lantarki, suka ɗauke shi daga kusurwoyi dabam-dabam a lokaci guda, don su lissafa inda kowace gaɓa take ta fuskar tsawo da faɗi da zurfi, har da tafiyar soja ɗauke da kayansa. Shirya mutumin kaɗai yakan ci sa'o'i, tafiyar 'yan taku ce, lissafin da hannu kuwa ya ja su shekaru. Wannan rabon lokaci bai sāke ƙwarai ba har yau.

Ta ɗaya ɓangaren, masu zanen katun suna fama da tasu matsalar, wato yadda za a sa zane ya yi tafiya irin ta mutane. A 1915 Max Fleischer ya ƙera wata na'ura da ke haska hoton fim a bayan gilashi, mai zane ya bi sawun jikin da alƙalami, hoto bayan hoto. Ya sami takardar mallakarta a 1917. Ƙanensa Dave ne ya sa kayan wawan wasa aka ɗauke shi, daga nan aka sami katun ɗin nan mai suna Koko. Kamfanin Disney ma ya bi irin wannan hanya a fim ɗin Snow White na 1937, inda wata budurwa mai koyon rawa, Marge Belcher, ta yi ta tafiya da juyi da rawa a gaban kyamara don masu zane su duba. Sunanta bai fito a fim ɗin ba. Kamfanin bai so jama'a su ɗauka cewa an kwaikwayi wani abu ne, ya fi so a ce duk daga kan masu zane ya fito.

Sauran tambaya ɗaya: ɗigo nawa ya isa a gane mutum? Wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Uppsala ta Suwidin, Gunnar Johansson, ya ba da amsa a 1973. Ya liƙa ƙananan fitilu kamar goma sha biyu a gaɓoɓin mutum, ya ɗauke shi cikin duhu. Idan mutumin yana tsaye cik, mai kallo ba ya ganin komai sai tarin haske marar ma'ana. Da ya ɗaga ƙafa, kafin ƙiftawa da Bismillah kowa ya gane mutum ne ke tafiya. Binciken da ya biyo baya ya nuna har abokai ana iya ganewa ta haka. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, shi da yake hango mutum tun daga nesa da magariba ya ce wane ne, daga tafiyarsa kawai, kuma yake da suna ga kowace irin tafiya: taƙama dabam, rangwaɗa dabam, sanɗa dabam, sassarfa dabam. Darasin da sana'ar ta ɗauka daga nan mai kaifi biyu ne. Ɗigo kaɗan sun isa a kama mutum, amma idon da ke gane mutum da ɗigo kaɗan, shi ne kuma zai gane ƙarya komai ƙanƙantarta.

Kayan aikin zamani daga asibiti suka fito. Kamfanin Vicon, wanda aka kafa a Oxford ta Ingila a 1984, ya fara ne da sayar wa likitoci na'urorin auna tafiya, musamman ta yaran da suka sami lahani a ƙwaƙwalwa tun suna jarirai, don a san jijiyar da za a yi wa aiki kafin a sa wuƙa. Sai a shekarun 1990, da kwamfuta ta yi ƙarfin ɗaukar siffa mai zurfi, hanyar likitoci da ta masu katun suka haɗu. Masu wasannin bidiyo su suka riga 'yan fim rungumar abin. Jordan Mechner ya ɗauki ƙanensa yana gudu da tsalle cikin fararen kaya, ya bi sawunsa irin na Fleischer, ya yi wasan Prince of Persia, wanda ya fito tun a 1989. Zuwa 1994 kamfanin Sega ya naɗi motsin faɗa don wasan Virtua Fighter 2, sannan aka sa wa ɗan ƙwallon Faransa David Ginola kayan naɗa don FIFA 97.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana aikin kansa, domin sai an san shi za a fahimci rigimar da ke tafe. Ɗakin naɗa fili ne babba, an kewaye shi da kyamarori masu yawa a kan ƙarafa. Kowace kyamara tana da zoben fitilu masu fitar da hasken da idon mutum ba ya gani. A jikin ɗan wasa kuma ana liƙa 'yan ƙwallaye kimanin hamsin, naɗe da irin abin da ke sa rigar masu aikin hanya ƙyalli da dare, wanda ke mayar da haske inda ya fito. Kyamara ba ta ganin mutum, farin ɗigo kawai take gani a baƙin fili, sau da yawa hoto 120 a daƙiƙa. Kyamara ɗaya ba ta san nisan ɗigo ba. Sai aƙalla biyu sun gan shi lokaci guda sannan manhaja ta lissafa inda layukan ganinsu suka haɗu.

Saboda haka ma'aikacin ɗakin yake fara ranarsa tun kafin jarumi ya iso. Yana zagaya filin yana kaɗa wata sanda mai ƙwallaye da aka san tazarar da ke tsakaninsu, har kowace kyamara ta san matsayinta da na 'yar'uwarta. Idan wani ya jingina da ƙarfen da kyamara take kai ta gusa ko da kaɗan ne, sai a sake. Yana bin ɗakin yana rufe duk abin da ke ƙyalli, agogo ne, kwalbar ruwa ce, ko tambarin takalmi, domin kowannensu zai iya bayyana a matsayin ɗigon ƙarya. Yana liƙa ƙwallayen a kan ƙashi, inda fata ba ta cika zamewa ba, don haka dole ya san ƙirar jiki kamar ɗalibin likitanci. Sannan jarumi ya tsaya ya ware hannuwa, ya juya kowace gaɓa iyakar juyawarta, a gina masa ƙwarangwal a kwamfuta daidai da tsawon ƙasusuwansa.

Wahalar gaske tana zuwa ne bayan kowa ya watse. Idan mutum biyu suka rungumi juna, ko suka yi kokawa, ko ɗaya ya kwanta a ƙasa, jiki yakan tare ƙwallaye daga kyamarori, sai ɗigon ya ɓace na ɗan lokaci. Idan hannuwa biyu suka gitta, manhaja takan rikice ta ba ɗigon hagu sunan na dama, sai ka ga gwiwar hannu ta karye ta baya a allo. Akwai mutanen da aikinsu ke nan wuni guda, cike giɓi da mayar wa kowane ɗigo sunansa. Daga nan a ɗora motsin a kan ƙwarangwal, sannan a mayar da shi jikin halittar da ake so. Idan halittar ta fi jarumin tsawon ƙafa, takunsa ba zai ishe ta ba, sai ƙafarta ta riƙa sulɓi a ƙasa kamar mai tafiya a kan santsi. Idan hannunta ya fi nasa tsawo, tafin da ya dafa ƙugu sai ya nutse cikin ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da hannu ake gyara shi, kuma alamar an gyara shi da kyau ita ce kada mai kallo ya san an taɓa shi.

Fim ɗin da ya fito da sana'ar fili shi ne kashi na biyu na The Lord of the Rings, na darakta Peter Jackson, a 2002. An ɗauki ɗan wasan Ingila Andy Serkis ne don ya ba halittar nan Gollum murya, amma yadda yake murɗa jikinsa yana fitar da muryar ya sa aka ga ba za a iya raba su ba. Sai ya zama ana ɗaukar fage da shi tare da sauran jarumai, a sake ɗauka babu shi, daga baya kuma ya maimaita a ɗakin naɗa. Fuskar Gollum kuwa masu raya zane na kamfanin Weta Digital a Wellington ta Niyu Zilan ne suka motsa ta da hannu, suna duban fuskar Serkis. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto. Serkis ya ci gaba, har ya je Ruwanda ya zauna yana kallon goggon biri kafin ya fito a King Kong na 2005.

Ba kowa ne ya dace ba. The Polar Express na Robert Zemeckis, a 2004, ya naɗi jiki da fuskar Tom Hanks, amma masu kallo da yawa suka ce idanun mutanen cikinsa a mace suke. Dalilin a fili yake: ba a liƙa ƙwallo a ƙwayar ido. Tun a 1970 wani injiniyan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa abin da ya yi kusa da kama da mutum amma bai kai ba, ya fi abin da bai yi kama ba tayar da tsigar jiki. Sutudiyon da Zemeckis ya kafa tare da Disney an sanar da rufe shi a 2010, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi, tun kafin fim ɗinsa na ƙarshe, Mars Needs Moms, ya fito a 2011 ya tafka asara. James Cameron kuwa, a Avatar na 2009, ya ɗaura wa kowane jarumi ƙaramar kyamara a gaban fuska don a bi ido da leɓe. A kashi na biyu, na 2022, har cikin ruwa aka yi naɗa, aka rufe saman tankin da ƙananan fararen ƙwallaye don kada saman ruwa ya zama madubi ya ninka ɗige-ɗigen, jarumai kuma suka koyi riƙe numfashi saboda kumfar iska ma tana rikita kyamara.

Yanzu sai tambayar Muybridge ta dawo da sabuwar riga. A 2010 hukumar da ke ba da Oscar ta sa a dokarta cewa naɗar motsi ita kaɗai ba raya zane ba ce. A ɗaya gefen kuma, ba a taɓa sa wani jarumi takarar gwarzon ɗan wasa saboda rawar da ya taka cikin kayan naɗa ba. Serkis ya daɗe yana cewa abin da yake yi wasan kwaikwayo ne cikakke, har ya kwatanta aikin masu kwamfuta da kwalliyar da ake shafa wa jarumi. Wannan magana ta ɓata wa masu raya zane rai ƙwarai, musamman a 2014; Randall William Cook, wanda ya jagoranci raya zane a finafinan Gollum, ya fito fili ya ce aikin na haɗin gwiwa ne. Kowane ɓangare yana ganin shi ne kura mai shan bugu, ɗayan kuma gardi mai kwashe kuɗi.

Ni dai a ganina Serkis ya yi gaskiya a rabi. Lokacin da za a ɗaga kai, da tsawon shirun da za a yi kafin a amsa magana, daga jarumi suke fitowa, kuma babu mai tace ɗigo da zai ƙirƙiro su idan babu su. Amma kwalliya ba ta yanke shawara, mai mayar da motsi kuwa yana yankewa sau ɗari a fage guda. Fuskar biri ba ta da leɓe irin na mutum. Wani ne zai zauna ya zaɓi yadda baƙin cikin mutum zai bayyana a kanta. Wanda yake wannan zaɓi ya fi kama da tafinta, tafinta kuwa kowa ya san yana iya gyara zance, yana iya ɓata shi.

Iyakar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ma ba ta da kauri kamar yadda rigimar ke nunawa. Melina Juergens mai tace bidiyo ce a kamfanin Ninja Theory da ke Cambridge ta Ingila. Ana gwajin kayan naɗa don wasan Hellblade: Senua's Sacrifice, aka ce ta tsaya a madadin jarumar da za a ɗauka. Daga ƙarshe ita aka bar wa rawar, wasan ya fito a 2017, ta kuma ci kyautar BAFTA ta gwanar 'yan wasa a 2018.

Kayan aikin sun yi arha tun daga nan. Akwai rigunan kamfanin Xsens na Holan masu ɗauke da ƙananan na'urorin jin juyi da sauri, waɗanda ba sa buƙatar kyamara ko ɗaya. Da su aka naɗi 'yan ƙwallo 22 suna wasa na gaske a fili don FIFA 22. Tun daga iPhone X na 2017, wayar hannu tana iya bin motsin fuska. Akwai kuma manhajojin da ke zaro ƙwarangwal daga bidiyo na yau da kullum ba tare da ko ƙwallo ɗaya ba. Wannan ya buɗe ƙofa ga ƙananan sutudiyo a ko'ina, amma ya zo da wata barazana: motsin da aka naɗe shekaru da dama yana nan a ajiye, kuma ana iya koyar da ƙirƙirarriyar basira da shi, ta riƙa fitar da sabuwar tafiya ba tare da an kira mai tafiyar ba.

A kan haka ne ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, ta shiga yajin aiki da manyan kamfanonin wasannin bidiyo ranar 26 ga Yulin 2024. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da aka ja daga shi ne matsayin masu ba da jikinsu kawai, wato masu tsalle da faɗuwa da wasan takobi, waɗanda ba a jin muryarsu, ba a ganin fuskarsu. Ƙungiyar ta yi zargin cewa kariyar da kamfanonin suka gabatar za ta bar irin waɗannan a waje, a ɗauki abin da suka yi a matsayin bayanan kwamfuta kawai. An dakatar da yajin a watan Yunin 2025, mambobi suka amince da yarjejeniya a watan Yuli, wadda ta wajabta neman izinin ɗan wasa da sanar da shi kafin a yi amfani da kwafinsa na kwamfuta. Masu kaɗa sanda da masu tace ɗigo ba 'yan wannan ƙungiya ba ne, don haka yarjejeniyar ba ta shafe su ba. Tasu hanyar dabam suka bi: ma'aikatan dabarun hoto na Marvel sun kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE a watan Satumban 2023, takwarorinsu na finafinan Avatar kuma suka bi sahu a farkon 2024.